Shanun Sada a Bangon Zaure

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Batsari zuwa Safana a shekarun da ake tafiya ba tare da waige-waige ba, ya ga aikin Badaru Fenta, ko da bai san mai shi ba. Barewar nan da ta ɗaga ƙafa ɗaya a bayan motar ɗaukar rogo, tasa ce. Zabin dajin da suka jeru a bangon mai shayin tasha, nasa ne. Har malaman firamare da ake turowa Safana daga birni, in suna son a ƙawata musu bangon aji, shi suke aika wa. Ya zo da gwangwanayensa ɗaure a bayan keke, ya cika musu bango da gada da dila da fakara, yara su yi ta kallo su manta da abin da ake koya musu.

A Unguwar Ƙirya aka haife shi, wani ɗan ƙauye da ke gefen Yasore, inda gonakin gero suke ƙarewa dajin Rugu ya fara. Mahaifinsa manomi ne da bai ga amfanin hannun da ba ya riƙe da fartanya ba. Shi kuwa Badaru tun yana ƙarami ba a barin gawayi kusa da shi. Bangon rumbu, bayan ɗaki, murfin tukunya, duk inda ya samu fili sai ya dasa wata dabba. Ya sha tsumagiya a kan haka har ya daina kuka. Da tsohon ya gaji, sai ya kai shi Katsina wurin wani mai rubuta allunan shaguna, yana cewa tunda hannun ya ƙi zama, gara ya koyi rubutu, ko banza haruffa ba su da ran da za a tambaye shi a kansu gobe kiyama. A can ya koyi haɗa fenti, da yadda ake tsinka shi da kananzir, da yadda ake ɗaure buroshi da gashin wutsiyar akuya in na kanti ya gagara. Amma birni bai karɓe shi ba. Ya ce garin da dabbarsa ba ta wuce akuya mai cin kwali ba, ba wurin zamansa ba ne. Ya tattaro gwangwanayensa ya dawo gida, ya auri Zuwairatu 'yar maƙwabtansu, wadda ta ce ta yarda da komai banda a zana ta.

Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za ka taka shi ya ba ka haƙuri. Amma a kan aiki yana da taurin kai guda ɗaya: ba ya zana abin da bai zauna ya kalla da idonsa ba. Direbobi kuwa zaki suke so. Kowa zaki, kowa zaki, har wanda motarsa sai an tura take tashi. Badaru ya ce musu shi bai taɓa ganin zaki ba, kakansa ne dai ya ce ya taɓa jin rurinsa a Rugu. Sau ɗaya wani direba ya matsa masa lamba har ya yi, zakin ya fito sak karen mai unguwa da aka ɗora wa hular gashi, aka daɗe ana yi wa motar dariya a tasha. Daga nan aka ƙyale shi da abin da ya iya. To, abin da ya iya ɗin fa ba wasa ba ne. In ya zana maka gwanki a bakin rafi, sai ka ga ka rage murya ba ka sani ba.

Wanda ya buɗe masa dajin shi ne Sada, Bafulatanin da rugarsu take can wajen Babban Duhu. Bayan girbi shanun Sada ne suke kwana a gonar su Badaru, su ci karan gero su bar taki, kamar yadda iyayensu suka yi tun kafin a haife su. Sada ya ɗan girme shi. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa sai in tsokana ce. Kaɗo yake kiran Badaru, shi kuma ya rama da Fillo. Shi ya san inda barewa ke shan ruwa da rani, da kogon da kura ke ɓoye 'ya'yanta, da marken da birai ke hawa su yi wa mai wucewa tsiya. Sai su fita da sassafe, Sada da sanda a kafaɗa, Badaru da guntun kwali da gawayi. Su laɓe a bayan sabara, Badaru yana zayyana, Sada yana raɗa masa cewa numfashin Kaɗo kaɗai ya isa ya kori dabbobin dajin nan kaf.

Shekarar da rogo ya yi albarka, Badaru ya yi wa zaurensa shafen siminti daga ciki. Bango ya fito sumul, faɗi guda, ya dinga kallonsa kamar mai jin yunwa a gaban akushi. Ya ce garken Sada zai sa a kai. Sada ya ƙi. Ya ce shanu ba a baje su a idon jama'a, kambun baka gaskiya ne. Badaru ya yi ta lallashi. Ya ce bangon ciki ne, sai wanda ya shigo ya zauna zai gani, ya kuma yi alkawarin ba zai ƙirga su ba, don ya san Bafulatani ba ya son a ƙirga masa dabba. Da ƙyar Sada ya ce to. Sai ga shi mutumin da ya ƙi, shi ne ya koma zuwa duba aiki.

Wata rana ya tsaya a bayan Badaru ya nuna wata saniya da bakin sanda. "Kaɗo, wannan wace ce?"

"Wule mana. Ba ga farin goshinta ba?"

"Wule tawa ƙahonta na hagu ya ɗan rusuna, tun tana maraƙa ta buga shi a dutse. Wannan saniyar wani ce ka sato ka zuba mini a garke."

Badaru ya goge ya sake. Haka suka ci ranin nan, ɗaya yana zane ɗaya yana kushe. Da aka gama, bangon ya ɗauki kukar da ke bakin mashaya, da duwatsun da ke bayanta, da wata barewa can nesa da ta ɗago kai tana sauraro. A tsakiya ga garken, kowace saniya da kamanninta da tsagar kunnenta: Wule da ƙahonta, Saye mai launin ƙasa, da bijimin da Sada yake ji da shi. Sada ya daɗe a tsaye yana kallo. Can sai ya kaɗa harshe irin yadda yake kiran su a daji, ya ankara da abin da ya yi, ya fashe da dariya ya ce Kaɗon nan zai haukata shi.

Daga nan shekarun nan suka shigo, waɗanda har yau mutanen yankin ba su samo musu suna ba sai dai su ce halin da muke ciki. Da shanu aka fara, kuma da shanun Fulani aka fara, abin da mutane da yawa suka zaɓi su manta daga baya. Wata rana da hantsi mutane a kan babura, da bindigogi, suka tarar da Sada a mashaya. Suka lakaɗa masa duka suka bar shi kwance, suka kora garken kaf suka yi cikin daji da shi. Rugar ta watse. Babban ɗansa ya yi kudu neman abin yi. Ƙaramin ya shiga daji wai zai bi sawun shanun ubansa, bai dawo ba, kowa kuma ya fassara rashin dawowarsa yadda ya ga dama. Sada da matarsa suka gangaro gefen garin Safana, wani bawan Allah ya ara musu kango. Mutumin da ya tashi a bayan shanu ya koma tufkar igiya yana kaiwa bakin titi.

Shi ma Badaru duniya ta juya masa baya. Daji ya zama wurin da ba a ko nuna shi da yatsa. Barewa da gwanki ƙarar bindiga ta kore su, ba wanda ya san inda suka nufa. Direbobi suka daina yi wa mota ado, don motar da ta yi kyau ita ake tarewa. Aikin da ya rage masa shi ne rubutu, kuma rubutun iri ɗaya ne. Yau a ce ya rubuta gonar sayarwa ce, gobe a ce ya rubuta gidan sayarwa ne. Yana rubutawa yana sanin masu gonakin ɗaya bayan ɗaya, ya san dalilin kowa.

Ana cikin haka wata rana sai ga sallamar Sada a ƙofar zaure. Ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da haƙuri, ba wanda ya ambaci shanu. Da aka gama sai Sada ya juya tabarmar ya fuskanci bango. Sannan a hankali ya fara kiran su da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama. Badaru ya kasa zama. Ya tashi ya koma bakin ƙofa yana dama fentin da ba ya bukatar damu.

Tun daga ranar zuwan ya zama al'ada. Duk bayan 'yan makonni Sada zai hau bayan a-kori-kura ta rage masa hanya, ya ƙarasa da ƙafa. Ya zauna gaban bango har la'asar, wani lokaci yana yi musu magana da Fulatanci, wani lokaci yana ba Badaru labarin halin kowace. Zuwairatu ta aiko da tuwo, su bar masa zauren don sun san ba zai ci a gaban mutane ba, su dawo su tarar ya ɗan taɓa gefe. In zai tafi fuskarsa takan ɗan saki, har ya tsokani Kaɗo cewa shanun sun rame, ba ya ba su harawa. Bangon nan shi ne abin da ya rage wa Sada a duniya, kuma Badaru ya san haka sarai.

Amma gari yana da ido. A lokacin wata kalma ta shigo bakin mutane, wai infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kalma ce da ba ta bukatar shaida, a nuna ka da ita kawai ya isa. Aka fara raɗe-raɗi a majalisa. Me Bafulatani yake zuwa yi zauren Fenta? Wai kallon hoto. Wa ya taɓa jin an yi doguwar tafiya a wannan zamani don kallon hoto? Kuma ba shi ne ɗansa yake daji ba? Badaru yana ji yana toshe kunne, yana cewa wanda ya san Sada ba zai saurari wannan shirmen ba.

Sai da damina, ana tsakiyar noma, 'yan bindiga suka fito wa mutanen Unguwar Ƙirya a gonaki da safe. Suka kashe waɗanda suka kashe, suka tafi da waɗanda suka tafi da su. Cikin gawarwakin da aka ɗauko a amalanke har da Nurain, autan su Zuwairatu, da fartanyarsa aka same shi. Kuma ba a daɗe da ganin Sada ya fita daga garin ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki Habu ya zo. Ƙanin Zuwairatu ne, mai bi mata, kuma shi ne babba a cikin samarin da suka ɗauki bindigar gida suna tsaron gari, 'yan sa-kai. A da in ya shigo zauren nan da tsokana yake shigowa, yana kiran mijin yayarsa mai fentin birai. Ranar ya jingine bindigarsa a waje, ya shigo ya tsuguna, bai ko ɗaga kai ya dubi bangon ba.

Ya ce, "Yaya Badaru, ni na san Baba Sada. Nonon shanunshi na sha na girma. Amma yaran nan da ke bayana ba su san shi ba. Su dai sun ga Bafillace ya shigo gari ya hita, kwana kaɗan aka kashe mana mutane a gona."

Badaru ya ce, "Haba Habu. Mutumin nan fa shi aka fara yi wa. Ko akuya ba su bar mashi ba."

"Na sani. Je ka gaya wa Innarmu haka, tana can ko ruwa ta kasa haɗiya." Ya share fuska da tafin hannu. "Zuwa ɗaya zan iya tare mashi, in tsaya da kaina har ya hita lahiya. In ya sake dawowa bayan nan, wallahi ba ni iya riƙe su. Kuma ba shi kaɗai za su taɓa ba. Ka gaya mashi ya daina zuwa."

Da ya tafi Zuwairatu ta fito daga bayan ƙyaure, idonta sun kumbura. Ta ce, "Baban Nazifa, ni ban ce shi ne ba, Allah na gani. Amma ka gaya mashi. Ba ni son a zubar da jinin tsohon nan a ƙofar gidana, ba ni kuma son ƙanena ya zama yana cikin waɗanda suka zubar."

Lokacin an katse layin waya a yankin, kuma ba mai yarda ya ɗauki saƙo zuwa wurin Bafulatani, kada shi ma a laƙa masa sunan nan. Badaru ya ce to, da ƙafarsa zai je. Ya kama hanyar Safana yana bitar maganar a zuci. Gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba: Fillo, ka daina zuwa, za su kashe ka. Ya maimaita ta a bayan mota har ya ga ta zauna masa a baki.

Ya tarar da Sada a gindin bangon kangon, ya maƙale igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Da ya ga Badaru sai ya miƙe zumbur, murna ta cika masa fuska kamar an ce an gano garken. Tunda suka dawo Safana ba wanda ya taɓa takowa takanas don ya gan shi. Ya shiga maƙwabta ya aro tabarma mai kyau. Matarsa ta dama fura ta miƙo daga bayan zana. Furar da ruwan tsamiya aka dama ta, babu ɗigon nono. Sada ya tura ƙwaryar gaban baƙonsa yana kallon ƙasa, ya ce, "Ka yi haƙuri da ita, Kaɗo, haka ta samu." Badaru ya ɗauka ya sha.

A ƙasar nan akwai maganar da bakin mutum ba ya iya ɗauka. Za ka iya zuwa ka gaya wa mutum ɗansa ya rasu, akwai kalmomin da aka tanada don haka. Amma ka dubi wanda ubanka da ubansa suka ci a ƙwarya ɗaya, yana zaune a gabanka ya aro maka tabarma, ka ce masa kada ya sake tako ƙofar gidanka? Ba a koya wa Badaru wannan ba. Sai ya fara kewaye.

Ya ce, "Fillo, hanya fa ta ɓaci."

Sada ya ce, "Ta ɓaci, Kaɗo. Amma ni me ya rage da za a ƙwace mini? Sai dai igiya."

"Mutanen garinmu kuma hankalinsu a tashe yake."

"Dole ne. Na ji abin da ya samu ƙanin mai ɗakinka, Allah ya jiƙan shi. Yaron kirki, shi ke ɗebo mini ruwan alwala." Sannan ya ce, "Na so in zo tun ranar, ƙafa ta hana. In Allah ya yarda bayan Juma'a ina nan tafe, in yi mata gaisuwa, in kuma duba su."

Nan ne wurin. Maganar tana kan harshen Badaru, ya buɗe baki, ya ji kansa yana cewa, "Allah ya kawo ka lafiya."

A hanyar komawa ya yi ta zagin kansa, har mai motar ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne. Kafin ya isa gida wata dabara ta zo masa, irin dabarar da kunya take haifa wa mutum. Abin da baki ya kasa, hannu zai yi. Sada ba don Badaru yake ratso wannan hanya ba, don shanunsa ne. In ya zo bai tarar da su ba, ba shi da abin da zai sake dawo da shi. Ba a kore shi ba, ba a gaya masa baƙar magana ba, zai zauna a Safana da ransa. Badaru ya ɗauka wannan ce hanyar da ta fi sauƙi ga Sada. Ba ita ba ce. Ta dai fi sauƙi ga bakin Badaru.

Washegari da hantsi ya buɗe gwangwanin farin fenti, wanda yake shafe alluna da shi kafin ya yi rubutu, don ya san farar ƙasa ba za ta rufe fentin mai ba. Ya fara da sama. Ya shafe gajimare, ya shafe duwatsu, ya sauko kan kukar bakin mashaya. Barewar nan ta nesa shafa ɗaya ta ishe ta. Ya yi ta kewaye garken yana cinye ciyawar da ke ƙarƙashinsu, har shanun suka rage tsaye a cikin fari fat, ba ƙasa ba sama. Nan ya ajiye buroshi ya fita waje ya zauna. Da ya dawo sai ya kama daga gefe, yana yi da sauri, ba ya yarda idonsa ya haɗu da nasu. Ƙahon Wule ya ƙi ɓuya, yana shafawa yana sake bayyana ta ƙarƙashin farin, sai da ya jira ya bushe ya ƙara wani a kai.

Zuwairatu ta leƙo da ƙwaryar ruwa ta ga abin da ake ciki. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Baban Nazifa, ba haka na ce ka yi ba." Bai juyo ba. Ta ajiye ruwan ta koma ciki tana kuka, kukan da shi ya kasa yi.

Bayan Juma'a, kamar yadda ya faɗa, Sada ya zo. Badaru yana zaune a ƙofar zaure tun safe yana jira. Can gindin tsamiya Habu ne da samarinsa, bindigogi a kan cinya. Sai dai Sada ba shi kaɗai ba ne. A bayansa ga matarsa, tsohuwa siririya da ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana ɗingishi saboda tafiya.

Bayan gaisuwa Sada ya ce, "Kaɗo, yau da baƙuwa na zo maka. Tsohuwar nan ta hana ni sakat. Saye ai tata ce, jikar saniyar sadakinta. Tun ranar da aka kore su ba ta sake sa ta a ido ba, kullum sai dai in koma in ba ta labari. Na ce to, taho ki gani da kanki, ki ga ko ƙarya nake."

Badaru ya miƙe. Ya ce, "Fillo, tsaya." Amma Sada ya riga ya tuɓe takalmi ya sa kai.

Warin sabon fenti ne ya fara tarbarsa. Ya tsaya a tsakiyar zauren. Ya dubi bangon, ya juya ya dubi ɗaya bangon, ya sake juyowa, kamar wanda yake zaton ya shiga gidan da ba shi ba. Sannan ya matsa ya ɗora tafin hannu a kan farin, daidai inda garken yake, ya bar shi a nan. Bai tambayi komai ba. Ya waiga ta ƙofa ya hango samarin da ke gindin tsamiya, ya daɗe yana kallon su, daga nan ya sauke hannunsa.

Daga bakin ƙofa matar ta yi masa magana da Fulatanci, murya ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko ta shigo. Badaru ya zauna da Fulani isasshe, yana jin yaren, ya kuwa so a ce ba ya ji. Sada ya ce mata, "Tsaya nan. Su ma an kore su."

Tsohuwar ta ƙara jan mayafin ta rufe sauran fuskar.

Sada ya roƙi a kira masa Zuwairatu. Ta fito ta durƙusa, ya yi mata ta'aziyya cikakkiya, bai rage ko kalma ba, ya yi wa Nurain addu'a, ya yi wa Inna addu'a. Aka kawo ruwa ya kurɓa don kada a ce ya ƙi. Badaru yana rakuɓe a jikin ƙyaure yana jira a zage shi, yana ma roƙon Allah a zage shi, ko ya samu abin da zai riƙe. Sada ya sa takalmansa, ya gyara sanda a kafaɗa, ya dube shi da idon da babu fushi a ciki.

Ya ce, "Malam Badaru, ka riƙe mini su shekara da shekaru, ko ƙwaryar nono ba ka taɓa karɓa ba. Allah ya saka da alheri."

Bai ce Kaɗo ba.

Abin da Badaru ya nema ya samu. Sada bai sake tako Unguwar Ƙirya ba, kuma ba wanda ya taɓa shi. Samarin suka samu wani abin magana, suka manta da zauren Fenta. Shi kuwa daga ranar bai sake zana wani abu mai numfashi ba, ko da an roƙe shi, cewa yake ido ya yi rauni.

Ranar dai tsoho da tsohuwa suka kama hanya, shi a gaba ita a baya tana ɗingishi. Habu ya tashi ya bi su daga nesa don ya cika alkawarinsa. A al'ada mai gida yakan taka wa baƙonsa har bayan gari, balle baƙon da ya zo da iyalinsa daga nesa. Badaru ya sa ƙafa ɗaya a waje, ya ga idanun da ke gindin tsamiya duk a kansa suke, ya mayar da ita. Yana tsaye a cikin zauren har suka ɓace a bayan gero, ko rakiya bai yi musu ba.